Gayya a Makabartar Baƙi

Idan ka bar Illela ka kama hanyar Amarawa, da ka wuce gidajen ƙarshe akwai wani fili a hannun dama da muke kira makabartar baƙi. Kiristoci ne kwance a wurin, mutanen da suka zo tun zamanin Turawa: akawun kwastan, kafintoci, direbobi, masu awon gyaɗa, da matansu da jariransu. Sun gina 'yar coci ta ƙasa a gefe. Yawancinsu sun koma garuruwansu lokacin wani tashin hankali da aka yi kafin a haife ni, ita kuma cocin damina ta yi ta cin ta har ta koma tudu. Kaburburan ne suka rage, kowanne da allon siminti a kansa, an rubuta sunan mai shi da garin da ya fito.

Ni tarihi na karanta a jami'a, shi nake koyarwa a wata sakandare a nan cikin gari. A iya sanina, kuma ina iya yin kuskure, babu wani rubutun boko a fili a yankinmu da ya girmi waɗannan alluna. Akwai ma guda da aka rubuta da Faransanci, na wani kafinta da ya tsallako iyaka daga Ƙonni ya rasu a wannan gefen. Duk mai son sanin yadda garin iyaka ya tara mutane, ina jin nan ya kamata ya fara. Sai dai ba tarihi ne ya fara kai ni wurin ba. Baba ne.

Baba ba mahaifina ba ne, ba kuma danginmu ba ne. Tsoho ne mai gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, kuma shi kaɗai ya rage daga waɗancan iyalai. A Illela aka haife shi, Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Matarsa ta rasu a wajen danginta, 'yarsa guda tana aure can Kudu, ta yi ta roƙon ya koma wurinta ya ƙi. Dalilinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonsa ya ji shi: mahaifiyarsa tana makabartar baƙi, a gefenta akwai wurin mutum ɗaya da aka bari, nan yake so a sa shi. Allonta mai karyayyar kusurwa ne. Da yanar ido ta kama shi, da hannu yake laluben wannan kusurwa ya gane ya iso.

Amininsa tun ƙuruciya shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa. Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Kawu yana ce masa baƙo, yana tambayarsa yaushe zai koma garinsu. Shi kuma yana ce wa Kawu sarkin gaggawa, wanda aka haifa kafin ungozoma ta ɗaura zane. Haka suke yini, ɗaya yana kwance keke, ɗaya yana zuba surutu.

Abin da ya tayar da maganar, masu ɗaukar jarkokin fetur a kan babur ne. Sun gano cewa in suka ratsa ta tsakiyar makabartar sun yanke wani lungu mai nisa, sun kuma kauce wa idon 'yan kwastan. Kafin a ankara hanya ta fito fes a kan kaburbura. Shanu ma suka bi ta. Tudun kaburburan dama ruwa ya daɗe da baje su, allunan ne kawai ke nuna inda kowa yake, to ga wasu sun fara kifewa, guda ya rabe biyu. Wata rana na raka Baba, babur ya wuce mu da gudu har iskarsa ta ɗaga masa riga. Da muka dawo shago ya ce da ni, tunda ni ne mai karatu, in san yadda zan yi a tsare wurin kafin a niƙe uwarsa.

Na ɗauki wata da watanni ina juya abin. Malamin makaranta Musulmi ya tashi yana fafutukar makabartar Kiristoci, ban san yadda za a fassara shi ba. Wataƙila babu wanda zai ce komai, wataƙila kuma a ce. Na fara zuwa wurin limamin unguwarmu, na yi doguwar shimfiɗa, na kawo batun haƙƙin maƙwabci, na koma na janye rabin abin da na faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce kabari kabari ne, ɗan Adam ke ciki, ba ya halatta a bar shi ana takawa. Har na ɗan ji haushin saurin da ya amince, bayan duk shirin da na yi. Mai unguwa ma haka. Ya ce aikin gayya ne wannan, ba ya buƙatar takarda ko zuwa sakatariya, a tara mutane da fartanya da shebur a yi shi rana ɗaya.

Na ce masa a bi a hankali. Na tabbata na faɗi wannan. Na ce ina so in fara zana taswirar wurin, in sa kowane allo a inda yake, kafin a taɓa ko tsinke. Ya ce to. Kawu yana zaune a wurin, shi ma ya ce to. Aka sa ranar Asabar ta sama. Ban sani ba ko ya kamata in maimaita maganar taswirar, ko in bayyana dalilinta dalla-dalla. A lokacin na ɗauka a fili take.

Ranar Laraba da yamma hadari ya haɗu ta gabas, aka yi iska mai ƙamshin ruwa, bai dai zubo ba. Kowa a nan ya san abin da wannan ke nufi: da ruwan farko ya sauka, ba za ka ƙara samun mutum ɗaya ba, duk an tafi shuka. Sai Kawu ya je ya sami mai unguwa bayan magariba, suka mayar da gayyar washegari da safe. Sun aiko a gaya mini, aka ce ba a same ni a gida ba. Ni kuwa ranar Alhamis ina tsaron jarrabawa, wayata a kashe cikin aljihun tebur. Baba ma ba su gaya masa ba, wai ba a sa tsoho mai ciwon ido cikin ƙura, gara ya zo ya tarar an gama ya ji daɗi.

Da na kunna waya bayan azahar na ga kiran Kawu ya yi yawa. Na kira, ya ce in zo in ga aiki. Na hau babur ɗina.

Gaskiya wurin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. An nome ciyawa, an kwashe ledoji da kashin shanu, an share ƙasa har ana ganin sawun tsintsiya. An dasa aguwa kewaye, irin shingen da muke yi wa gonaki da makabartunmu. Mutane suna zaune a gindin aduwar da ke gefe suna shan fura, jikinsu duk ƙasa, suna jiran in yaba.

Babu allo ko ɗaya a kan kabari. Sun tuge su duka, sun kai su gefen da babura ke shigowa, sun kafa su a jere kamar katanga, sun danne gindinsu da ƙasa. Rubutun yana kallon ciki, an ma goge su da ruwa. A tsakiyar filin kuwa ga sababbin tudun kaburbura, layi-layi, masu tsawo ɗaya, an daddaɓe su da bayan shebur. Kowanne ya miƙe kudu da arewa, yadda muke yi wa namu domin mamaci ya fuskanci alƙibla. Mutanen da ke ƙasa kuwa gabas da yamma aka shimfiɗa su. Wato kowane sabon tudu ya gitta kan mutum biyu ko uku, ko kuma yana kan wurin da babu kowa.

Na tsaya a bakin shingen ina kallo. Kawu ya taso yana share hannu da gefen riga.

"To, malamin boko, mi kag gani?"

Na ce, Kawu, allunan fa. Ya ce ai su suka fi ba su wahala, wani sai mutum huɗu. Ya ce aguwa ba ta tare babur sai ta shekara, amma siminti yau ɗin nan zai tare shi. Na ce kowane allo na mutum guda ne, sunansa ne a kai, a kansa ya kamata ya zauna.

"Ga sunayen nan, ba mu ɓata ko guda ba. Ƙirga ka gani."

Na ce ba sunayen nake nufi ba, wa ke kwance a ina nake nufi. Ya dube ni kamar na tambaye shi nauyin hadarin jiya. Ya ce kakansa, wato kakan uwata, yana babbar makabarta, shin na san kabarinsa? Ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma bai taɓa fasa yi masa addu'a ba. Mutanen gindin aduwa suka gyaɗa kai. Wani ya ce Allah ya san inda kowa yake. Na ce haka ne, amma Baba ma yana so ya sani. A nan ne fuskar Kawu ta ɗan canza, sai dai bai daɗe ba ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a mayar da na uwar baƙo inda aka ɗauko shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda zan yi wa faɗa. Ba mugunta suka yi ba. Mutane ne suka bar aikinsu, ana jiran ruwa, suka zo suka yi wa matattun wasu irin gatan da suke yi wa nasu. Wani dattijo har ya ja ni gefe yana nuna mini yadda ya daidaita tudun jarirai ƙanana, don kada a ce an manta da su. Ban san daga ina ya san jarirai a nan suke ba. Da na tambaya ya ce ya ga wurin ya dace da su.

Aka shiga neman wanda ya ɗauko allo mai karyayyar kusurwa. Mutum uku suka ce su ne. Ɗaya ya ce daga kusa da aduwa, ɗaya ya ce daga wajen suri, surin da su da kansu suka baje da safe. Na ukun ya ce shi dai ya karɓa ne daga hannun wani ya ɗora a baro. Ramukan da aka tuge allunan kuwa an cike su, an share, an yi tudu a kai. Ni kaina na sha zuwa wurin, amma da allunan nake gane hanya, daga na Faransanci in karkata hagu. Da aka kwashe su sai filin ya zama mini kamar ban taɓa shigarsa ba. Hotunan da ke wayata na rubutun ne, na matso da kyau don a iya karantawa, babu ƙasa a ciki balle itace.

Washegari muka kai Baba. Na so in fara yi masa bayani a shago, a hankali, Kawu ya riga ni, ya ce masa an gyara masa gida ya zo ya gani. Baba ya sauka daga babur, ya nemi tsohuwar hanyar da ƙafa bai same ta ba. Na riƙe hannunsa na kai shi jerin allunan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa har ya kai kan karyayyar kusurwa. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya miƙa sandarsa baya, ya taɓa aguwa, ya miƙa gaba, ya taɓa fili.

"Wa ya kawo ta bakin shinge?"

Na fara bayani. Ban kai ko'ina ba ya ɗaga hannu, ya juya wajen da yake jin numfashin Kawu.

"Sarkin gaggawa, aikinka na wanga."

"Ni da mutanen gari. Gode muna za ka yi, baƙo."

"Na gode. Ina uwata?"

Kawu ya kama hannunsa ya ja shi tsakiya, ya tsaya a kan wani tudu, ya ce nan ne, shi da kansa ya ga an ɗauke allon daga nan. Baba ya zungura tudun da sanda, ya bi tsawonsa, ya ce uwarsa ba ta taɓa kwanciya ta wannan fuskar ba, sai in Kawu ne ya musuluntar da ita jiya. Wasu suka yi dariya, Kawu ma ya yi, amma tasa ba ta yi nisa ba. Baba ya ce shekara saba'in ya san muryar Kawu in yana ƙarya, tun suna satar mangwaro. Daga nan ya juyo gare ni. Ya ce ni ne na yi karatu, ni ne nake zuwa da shi. In na ce nan ne, ya yarda, a dawo da allon a kafa, a bar masa gefe.

Na san abin da kowa ke so in ce. Mai unguwa yana kallona, Kawu yana yi mini alama da gira. Na duba aduwar, na duba inda nake zaton surin yake, na ce mai yiwuwa wajen nan ne, amma zai iya zama gaba kaɗan, ko kuma layin da ke bayanmu, ba zan iya rantsuwa ba. Kawu ya yi tsaki ya ce an kashe kuɗi an kai yaro jami'a ya dawo bai iya cewa i ko a'a ba. Baba ya ce a rabu da ni, ya ji amsar.

Na roƙi a jira damina. Tunanina shi ne in ruwa ya jiƙa ƙasa, tsofaffin ramukan za su ɗan lotsa, a ga shacinsu. Ruwa ya zo, sababbin tudun suka zube cikin kwarin da ke tsakaninsu, ciyawa ta rufe komai. Ko da shacin ya fito ma, ba zai zo da suna ba, wannan sai daga baya na yi tunaninsa. Na je wurin faston cocin cikin gari, saurayi ne da aka turo bai daɗe ba. Ya saurare ni da kyau, ya ce ba su da wani bayani a kan tsohon wurin, amma suna da sabuwar makabarta, akwai fili. Da na kai wa Baba wannan, ya ce shi bai san kowa a can ba.

Matsalar da ta rage, wadda ta hana ni sakewa, ita ce ko an yarda da zato, ba mai iya sa diga a tsakiyar filin yanzu. Wurin da aka bar wa Baba faɗin mutum ɗaya ne tsakanin kaburbura. Ka kuskure kaɗan, ka buɗe wani. Liman ya ce ba zai bari yaran unguwa su yi irin wannan haƙa ba, na kuma ga gaskiyarsa. Kawu ya kawo shawarar a riƙa soka rodi a ƙasa ana jin inda ya yi taushi. Na ce masa don Allah ya bar wurin nan ya huta haka.

Da kaka ta yi Baba ya sa na sake kai shi. Ya tsaya a gaban allon a bakin shinge, ya tambaye ni ko a iya tunanina an taɓa binne wani a daidai nan. Na ce ban taɓa ganin allo a wannan gefen ba, kuma da can nan ne bakin hanyar shiga coci, don haka da wuya, ko da yake ba zan ce ba zai yiwu ba. Ya ce wannan ita ce magana mafi ƙarfi da ya taɓa ji daga bakina. Ya ja layi da sanda a ƙasa, gabas da yamma, ya ce nan za a sa shi, kuma in tsaya a kan masu haƙa da kaina, kada in tafi tsaron jarrabawa.

Da zafin bana ya rasu, bayan gajeriyar jinya. 'Ya'yan Kawu ne suka haƙa kabarin, ina tsaye, ina bin kowane sara da ido, har suka kai ƙasa ba su ci karo da komai ba. Mutanen coci suka zo suka yi nasu, mu muka tsaya daga baya. Kawu ya karɓi shebur ya ƙi saki har aka gama rufewa.

'Yar Baba ta iso ana gab da tashi, ta kwana biyu a mota. Hausarta ta yi tsatsa amma tana nan. Ta durƙusa ta karanta allon mai karyayyar kusurwa, ta dafa ƙasar da ke gabansa, gefen sabon kabarin. Ta ɗago ta tambaye ni, don an ce mata ni ne na san tarihin wurin, ko nan ne kakarta take.

Kawu ya taka mini ƙafa, da ƙarfi kuwa. Na ce mata allon na kakarta ne, wannan babu shakka. Ita kanta tana cikin shingen nan, wajen tsakiya, amma daidai ina, ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda ya sani. Ta dubi filin ta daɗe, ta ce to, ta tashi ta kaɗe zanenta.

A hanyar komawa Kawu ya ƙi hawa babur ɗina. Ya ce mace ta taso tun daga Kudu da hawaye, kalma ɗaya ta gagare ni. Na ce ai da an jira Asabar. Ya ce da an jira Asabar da ruwa ya sauka. Na ce ruwan bai sauka ba sai bayan mako biyu. Ya ce to shi ya sani? Ya sa kai ya bi gefen titi da ƙafa, ni kuma na tura babur ɗin ina bin sa a baya har cikin gari.